Abin da Ungozoma Ta Kasa Aunawa

A Lawos, kan wani kogi mai gangarawa Mekong,
ni ce mai karɓar haihuwa.
Hannuna kan san nauyin jariri kafin sikeli ya faɗa,
amma ga wani abu na kasa aunawa.

Shekara tara ke nan da suka zo da farar mota,
da igiyar awo, da littafi mai bangon roba.
Wani saurayi, Souliya, da hular kwano a ka,
ya rusuna ya gai da babana, ya sha ruwanmu,
sannan ya hau ƙirga:
mangwaro sha ɗaya, kwakwa huɗu, rumbun shinkafa.
Ya rubuta, aka biya. A nan ban ce an cuce mu ba.
Baba Khamphoui ya ce, "To kifin fa?"
Yaron ya juya shafi, ya sake juyawa.
Babu layin kifi.

Ruwan bai zo da fushi ba.
Taku ya yi ta yi, kamar baƙo mai jin kunya,
ya ci dokin ƙofa, ya ci turmi,
ya hau matakalar ɗakin ibada
inda masu rigar ruwan goro ke buga kuge da asuba,
ya kwanta a kan tokar uwata.
Mu kuwa aka jera mu a tudu kamar haƙoran mataji,
gidanmu lamba sittin da uku,
jar ƙasa, shinkafa ta ƙi ta, sai rogo.

Sai dai kada in yi wa ruwa ƙarya.
Na tuna daren Bouavanh, kafin madatsa,
ana tsuga ruwan sama, kananzir ya ƙare a fitila,
ina laluben jini da yatsa cikin duhu.
Gari ya waye da gawa biyu.
Bara ƙanwarta ta durƙusa ƙarƙashin ƙwan lantarki,
ɗa ya fito shiru, ba kuka,
na'ura ta busa masa numfashi.
Yau shi ke korar kaji a tsakar gida.
Firjin rigakafi na gurnani a kusurwa,
ni kam wannan gurnanin daɗi yake min.

Yawancin wutar bisa kanmu take wucewa,
kan dogayen ƙarafa, ta tsallake iyaka.
Namu shi ne ɗigon da ya zubo daga bakin tulu.
Mutanen ƙasan madatsa kuwa,
in wani birni mai nisa ya kunna fankokinsa
sai a buɗe ƙofa ba sallama,
ruwa ya share musu waken gaɓa cikin dare.
Faɗuwar wani, tashin wani.
Wa ya taɓa tambayar wanda ya faɗi
ko nan yake son faɗuwa?

Baba har yanzu ɗinke komarsa yake,
ko da yake kifin gwangwani muke ci.
In ruwa ya ja baya, kan tsamiyarmu kan leƙo.
Sai ya tuƙa har can, ya ɗaure jirgi
a reshen da muke hawa da ƙuruciya,
ya jefa curin shinkafa, ya daɗe bai dawo ba.

Jiya wata ta zo da takarda mai akwati biyu:
rayuwa ta gyaru, ko ta lalace? Zaɓi ɗaya.
Na riƙe biron har ta duba agogo.
Na ce, zo ki ga yaron, zo ki ga tsohon,
ki nuna min wanda zan soke.

Da dare Baba kan ce, "Thongbai, kashe wutar,
ina so in ji kogi."
In kashe.
Mu yi shiru cikin duhu, mu biyu.
Firji kaɗai ke magana.